Binciken bawul ɗin maitiral da na tiraikosfid da na'urar eko

Binciken bawul ɗin maitiral da na tiraikosfid da na'urar eko hanya ce da likitocin zuciya ke bi don ganin waɗannan ƙofofi biyu suna aiki ba tare da an tsaga ƙirji ba. Eko nau'in sikanin ne irin wanda ake yi wa mai juna biyu: ana aika sauti mai ƙarfin da kunne ba ya ji, ya bugi zuciya ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto mai motsi. Ganin cewa bawul ya lalace shi ne mafi sauƙin aikin. Mai wuyar shi ne auna girman lalacewar, domin a kansa ake yanke shawarar ko magani ya isa, ko sai an yi tiyata.

Bawul ɗin biyu

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Bawul ɗin maitiral yana tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagu, kuma ganyensa biyu ne. Sunan ya fito daga hular manyan limaman coci mai tsini biyu wadda aka ga ya yi kama da ita. Na tiraikosfid yana dama, ganyensa uku, abin da sunansa ke nufi ke nan a Latin. Kowannensu na iya tsukewa, jini ya riƙa wucewa da ƙyar, ko ya yi yoyo, jini ya riƙa komawa baya. Sau da yawa biyun sukan haɗu a bawul ɗaya.

Tarihi

Bawul ɗin maitiral ne ma sanadin ƙirƙiro eko. A birnin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler yana neman hanyar da zai bambance mai tsukewa da mai yoyo kafin a kai su tiyata. Ya haɗa kai da masanin kimiyyar lissafi Carl Hellmuth Hertz, suka aro wata na'urar gano tsaga a jikin ƙarfe daga masana'antar jiragen ruwa ta Malmo, suka ɗauki motsin zuciya da ita a shekarar 1953. Daga baya aka ƙara fasahar Doppler, wadda ke auna gudun jini.

Tsukewar bawul ɗin maitiral

Babban abin da ke kawo ta shi ne zazzaɓin rumatik, wanda kan biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitireftokokas da ba a yi wa magani ba a ƙuruciya. A hoton eko ana ganin bakin ganyayen sun yi kauri sun manne da juna a gefe, ƙofar ta zama kamar bakin kifi.

Faɗin lafiyayyen bawul ya kai murabba'in santimita 4 zuwa 6. Idan ya koma 1.5 ko ƙasa, tsukewar ta yi tsanani. Ana iya zagaye bakin ƙofar a jikin allo a auna shi kai tsaye, sai dai idan ganyen ya ƙandare hoton ba ya fita da kyau. Hanya ta biyu ta fito daga aikin Liv Hatle da abokan aikinta a Norwe a 1979: ana auna lokacin da matsin jini ke ɗauka kafin ya ragu da rabi, sai a raba 220 da wannan lokaci. Misali, idan ya ɗauki milisakan 200, faɗin ƙofar 1.1 ke nan. Wannan lissafi yana iya yaudara idan ɗakin ƙasa ya yi tauri, ko jim kaɗan bayan an buɗa bawul ɗin. Haka ma bambancin matsi tsakanin ɗakunan biyu yana hawa idan zuciya na bugawa da sauri, shi ya sa ake rubuta yawan bugun a gefensa. Wannan na da muhimmanci ga mata masu juna biyu, waɗanda sau da yawa ciki ne ke tona cutar.

Kafin a buɗa bawul da balan-balan, dabarar da Kanji Inoue na Japan ya fito da ita, ana amfani da makin Wilkins na 1988. Ana duba motsin ganye, kaurinsa, ƙandarewarsa da halin igiyoyin da ke ƙarƙashinsa, kowanne maki 1 zuwa 4. Jimillar 8 ko ƙasa tana nuna aikin zai fi yin kyau. Ana kuma zura kan na'urar ta hanyar abinci don tabbatar da babu gudan jini a ɗakin sama, domin idan ya ɓalle zai iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Yoyon bawul ɗin maitiral

A nan tambaya ta farko ita ce: ganyen ne ya lalace, ko ɗakin ƙasa ne ya buɗe har ganyayen suka kasa haɗuwa? Maganinsu ba ɗaya ba ne. Likitan tiyata Alain Carpentier na Faransa ya kasa yoyon gida uku bisa motsin ganye: daidai, fiye da kima, ko a takure.

Girman launin da ake gani a allo bai isa hujja ba, don jinin da ya bi jikin bango yakan bayyana ƙarami alhali yoyon babba ne. Ana ɗaukarsa mai tsanani idan wuyan jinin da ke komawa ya kai santimita 0.7, ko jinin ya kai mililita 60 a kowane bugu. Idan laifin daga ganyen ne, kuma abin da ɗakin ƙasa ke fitarwa ya sauka zuwa kashi 60 cikin 100, ko faɗinsa bayan matsewa ya kai milimita 40, akan ba da shawarar tiyata ko da mutum bai fara haki ba.

Bawul ɗin tiraikosfid

An daɗe ana wofintar da shi, har ana kiransa bawul ɗin da aka manta. Yawancin yoyonsa ba daga ganyen ba ne, ciwon ɓangaren hagu ne ke cika huhu da matsi har zoben bawul ɗin ya buɗe. Idan zoben ya kai milimita 40, akan gyara shi a lokacin tiyatar maitiral. Alamar tsanani ita ce ganin jini na komawa cikin jijiyoyin hanta lokacin da zuciya ta matse.

Ɗan yoyo kaɗan ana samunsa a yawancin masu lafiya, yana ma da amfani, don da shi ake ƙiyasta matsin jinin huhu. Ana ninka gudun jinin da kansa, sannan a ninka sau 4. Gudun mita 3 a sakan yana ba da 36 mmHg, sai a ƙara matsin ɗakin sama na dama.

Gwajin yara

Cutar zuciya ta rumatik ta fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da Afirka kudu da Sahara. Wani bincike da aka buga a 2007 kan 'yan makaranta a Kambodiya da Mozambik ya nuna eko na gano masu cutar kusan ninki goma na waɗanda abin sauraron ƙirji ke ganowa. Hukumar Zuciya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin gwajin a 2012, ta sabunta su a 2023. A Yuganda kuma, gwajin GOAL ya nuna allurar fenisilin duk bayan mako huɗu ta rage ci gaban cutar a yaran da eko ya gano da wuri: kashi 0.8 cikin 100 a waɗanda aka yi wa, kashi 8.2 a waɗanda ba a yi wa ba.