Bayan sulhu: Wa ke da gonakin Birnin Gwari a idon doka?

Tun bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari, manoma sun fara komawa gonakin da suka gudu suka bari. Sai dai gonar da ta yi shekaru ba a nome ta ba takan zama saura. Iyakokinta sun ɓace, kuma wataƙila dattawan da za su shaida ta wane ce sun rasu ko sun yi ƙaura.

A ƙauyuka, mallakar gona ta dogara ne da gado, saye, aro ko jingina, a gaban mai unguwa ko dagaci. Shaidar tana cikin ƙwaƙwalwar mutane, ba a takarda ba, don haka idan ƙauye ya watse, ita ma ta watse.

Ita kuwa doka wani abu daban ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da manomi ke da shi izinin zama da amfani ne kawai. A karkara, ƙaramar hukuma na iya ba da wannan izini har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Dokar ta amince da haƙƙin wanda ke noma filinsa tun kafin 1978 ko da ba shi da takarda, amma tabbatar da hakan a kotu aiki ne ja. Idan kuma gwamnati ta karɓe gona don amfanin jama'a, diyyar amfanin gona da gini take biya, ba kuɗin ƙasar kanta ba.

A Birnin Gwari akwai ƙarin sarƙaƙiya. Dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, yana hannun gwamnatin tarayya, kuma noma a cikinsa haramun ne. Zinariyar da ke ƙarƙashin gonaki ma ta tarayya ce, ko da kakan manomi ne ya sare dajin.

Wannan ya shafi ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke Kaduna yana sha'awar gona mai araha a yankin. Takardar ciniki mai sa hannun dagaci ba ta kai shaidar mallaka da hukumar KADGIS ke bayarwa ba, kuma da wuya banki ya karɓe ta jingina. Mai sayarwar ma yana iya zama ɗaya daga cikin magada da yawa, sauran suna gudun hijira ba su sani ba.

Ruwanda ta bi gona-gona daga 2009 ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista, tare da maƙwabta a matsayin shaidu. Irin wannan aiki zai fi sauƙi a Birnin Gwari yanzu, tun masu sanin iyakoki suna raye.