Gadar Titi na Shida a Los Anjeles: dalilin rushe ta da abin da ya biyo baya

Gadojin kankare da manyan birane suka gina a ƙarnin da ya wuce sun fara gajiya, kuma hukumomi da yawa sun gwammace su rushe su gina sababbi a kan su yi ta faci. Gadar Titi na Shida da ke Los Anjeles a Amurka ta nuna ribar wannan zaɓi, ta kuma nuna tsadarsa.

An buɗe ta a 1932. Tsawonta ya ɗan haura kilomita ɗaya, ta tsallake Kogin Los Anjeles da layukan dogo, ta haɗa tsakiyar birni da unguwar Boyle Heights, wadda galibin mazaunanta 'yan asalin Latin Amurka ne. An ɗauki sassan finafinai kamar Grease da Terminator 2 a wajenta, har mutanen da ba su taɓa zuwa birnin ba suka san kamanninta.

Da ciwonta aka haife ta. Yashi da tsakuwar da aka kwaɓa kankaren da su suna ɗauke da sinadarin da ba ya jituwa da siminti. Da zarar danshi ya shiga, sai wani abu mai yauƙi ya taru a cikin ginin, ya kumbura, ya yi ta tsattsaga shi daga ciki. Shekara ashirin kacal da kammala ta tsagewa ta fara fitowa. An cike, an shafe, an sake cikewa, cutar ba ta tsaya ba. Ga shi kuma Kalifoniya, jihar da birnin yake, ƙasar girgiza ce. Injiniyoyi suka kiyasta cewa akwai yiwuwar kashi 70 cikin 100 gadar ta rufta sanadiyyar babbar girgizar ƙasa cikin shekara 50. Masu kishin gine-ginen tarihi sun so a cece ta, kuma ba su da laifi, domin gini irin wannan ba ya dawowa. Amma a ganina hukuma ta yi daidai. Wanda ya ga yadda gadar Morandi ta rufta a Genoa ta Italiya a Agustan 2018, mutum 43 suka rasu, ya san abin da jinkiri ke iya jawowa.

An rufe tsohuwar a Janairun 2016, sabuwar ta fara aiki a Yulin 2022 bayan ta ci dala miliyan 588. Michael Maltzan ne ya zana ta, da baka goma-goma a kowane gefe, da hanyar masu tafiya da ƙafa da ta masu keke. An ɗora ta a kan wasu na'urori da ke ba ta damar gocewa kaɗan idan ƙasa ta motsa, maimakon ta karye.

Sai dai wa ya biya farashin da ba a rubuta a kasafi ba? Shekara shida da rabi mutanen Boyle Heights suna zagaye kafin su shiga gari. Da gadar ta tsaya da kyanta, sai fargaba ta ƙaru cewa masu kuɗi za su kwararo, haya ta tashi, talakan da ya jure ƙurar aikin ya tattara nasa ya nasa. Makonnin farko ma 'yan sanda sun sha rufe ta saboda masu wasan ganganci da mota da masu hawa bakunan. Daga baya ɓarayi suka yi ta zare wayoyin tagulla, fitilun gadar da aka yi ta alfahari da su suka mutu.

A nan ne matsalar take. Kuɗin sabon gini yana da sauƙin samu, domin akwai bikin yanke ƙyalle da hotuna, kuɗin gadi da kulawa kuwa ba shi da mai yi masa kirari. Rushe tsohuwar gadar ya zama dole, amma birnin ya yi shirin gini fiye da yadda ya yi shirin riƙo.