Tashin Kwamfuta Daga Rumbun Tarayya

Wanda ya bi ta Ƙauyen Alu ya fito Titin Zariya, ya nufi Gyadi-Gyadi, ba zai rasa ganin wuraren koyon kwamfuta ba. Irin waɗannan ɗakuna sun ƙara daraja tun 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Sai dai mai kula da injuna hamsin yana da wahala hamsin, domin kowace tana da faifanta, kuma a cikin faifan nan ne babbar manhaja take, wato wadda ke tafiyar da injin duka, kamar Windows ko Linux. In aka tashi gyara, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai dabarar da ke rage wannan wahala, kuma Bahaushe ba baƙonta ba ne. A gidan gandu ba kowa ke da rumbunsa ba. Rumbu ɗaya ne, maigida ke aunawa. Haka nan ana iya kwashe babbar manhaja daga faifan injin, a zuba ta a babbar kwamfutar da ake kira uwar garke, sauran su riƙa ɗibarta ta waya duk sa'ad da aka kunna su.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Sun na Amurka ya fito da NFS a 1984, wato hanyar da injin ke amfani da fayilolin wani injin kamar nasa. A 1985 aka tsara BOOTP, wanda DHCP ya gada a 1993, sa'an nan kamfanin Intel ya haɗa su a tsarin PXE a ƙarshen shekarun 1990.

Ga yadda tashin yake. Da an kunna injin, sai ya yi shela a kan waya yana neman adireshi. Uwar garke ta ba shi adireshi, ta kuma gaya masa sunan wata 'yar ƙaramar manhaja da zai ɗauko ta hanyar TFTP. Ita wannan ƙaramar ce ke buɗe ƙofar rumbu, ta jawo babbar. Rumbun kuwa iri biyu ne: NFS yana ba da fayiloli, iSCSI kuma yana ba da abin da injin zai ɗauka tamkar faifai ne a cikinsa.

Wurin ƙaurar ne ake yawan tuntuɓe. Manhajar da aka girka a faifai ta saba da samun komai a gida, saboda haka kwafe ta kaɗai bai isa ba. Tilas a sanya mata tun farko abin da zai motsa katin wayar injin, in ba haka ba, ta zama mai neman mabuɗin da aka kulle a cikin ɗaki. Tilas kuma a sauya mata adireshin gindinta daga faifai zuwa rumbu. Mai hankali ba ya shafe tsohon faifai sai ya ga sabon tsari ya tsaya da ƙafafunsa.

Amfanin a fili yake: gyara ɗaya ya wadatar da ɗaki duka, kuma ko tsohon injin da faifansa ya mutu yana iya komawa bakin aiki. Amma fa wanda ya tara hatsinsa a rumbu ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi. In uwar garke ta tsaya, ɗaliban ɗakin duka sun tsaya. In injuna hamsin suka tashi lokaci guda, waya ɗaya suke rabawa, sai tashin ya yi nawa. A gari kamar Kano, inda ɗaukewar wuta ba labari ba ce, kuɗin da aka tsimi daga faifai ya kamata ya tafi ga batir, da wuta mai aiki da hasken rana, da rumbu na biyu da za a ajiye kwafe a cikinsa.