Ba Canjin Ruwa Ba Ne: Ciwon Da Baƙin Sallah Ke Komawa Gida Da Shi

Da zarar hutun Sallah ya zo ƙarshe sai saƙonnin murya su fara yawo a WhatsApp, wai a guji kifin ƙanƙara don maganin gawa ake zuba masa. Mai maganar ba ya faɗin sunansa, amma ba ya rasa ƙanwa ko maƙwabci da ya ci kifi ya kwana yana susa. Su kuwa iyayenmu a gida amsarsu ɗaya ce tun fil azal: canjin ruwa ne, yaro ya zo daga Kano ya sha ruwan Gumel, cikinsa bai saba ba. A tsakanin masu wannan magana da masu waccan, da wuya ka ji wanda ya tambayi awa nawa abincin ya yi a ajiye kafin a ci.

Duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san yadda ƙarshen hutu yake. 'Yan asalin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da ke neman abinci a Kano, Abuja ko Legas sun dawo da iyali. An kalli hawan Sarki, an zaga dangi, saura kwana ɗaya a koma aiki. Idan aka yi sa'a hutun ya riski Alhamis, to sai kasuwar Maigatari, a bakin iyakarmu da Nijar. Yaran birni su tsaya baki buɗe suna kallon raƙuma a kara, iyaye na taya buhun zoɓo da riɗi. Can da rana ta take sai a nufi rumfunan abinci: balangu, tsire, soyayyen kifi da yaji da albasa, fura da nono, zoɓo mai ƙanƙara. Abin da ya rage a ƙunshe shi a takarda, a jefa bayan mota a matsayin tsaraba. Daga Gumel zuwa Kano kusan kilomita 120 ne, kuma ƙunshin nan a cikin zafin but zai yi tafiyar.

Mu fara da kifin. Mutumin Badagiri ko Lome da ya zauna bakin teku yana iya cin kifin da aka kamo da asubar ranar. Mu ba haka ba ne. Taitus ɗin da ake soya mana, yawancinsa daga tekunan ƙasashen waje jiragen ruwa ke kawo shi a daskare, a sauke a Legas, ya ci kusan kilomita 1,000 a mota zuwa Kano, sannan ya ƙaraso nan a kwali. Ƙa'idarsa ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta tafi, kuma zafin bazara ke wuce digiri 40, kwalin kan narke, a mayar da shi firji ya sake daskarewa, ya sake narkewa.

Naman irin wannan kifi, wato dangin taitus da sadin da tuna, yana ɗauke da wani sinadari da yawa mai suna histidin, wanda ba shi da illa. Amma da kifin ya ɗumama, ƙwayoyin bakteriya da ke jikinsa sai su mayar da shi histamin, sinadarin nan da jiki ke fitarwa idan mutum ya ci abin da bai karɓe shi ba. Wanda ya ci irin wannan kifi, cikin mintoci kaɗan zuwa awa ɗaya ko biyu zai ji fuska da wuya sun ɗauki zafi, kai na sarawa, zuciya na bugawa, jiki na ƙaiƙayi, wani har da amai da gudawa. Wasu tun a baki suke jin wani raɗaɗi kamar na barkono, sai su ɗauka yajin ne ya yi yawa. Wannan shi ne abin da ake ɗora wa maganin gawa. Ba na cewa ba a taɓa yin wancan mugun aiki ba, don hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan naman kaji na fasa-ƙwauri da ake sa wa irin wannan sinadari. Sai dai kifi ba ya buƙatar mugu kafin ya cutar da mutum. Rana kaɗai ta isa.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne maganar nan da kowa ya haddace, cewa wuta tana kashe komai. Ka tsaya gaban mai kifi ka nuna shakka, zai ɗago ludayi ya ce, “Haba Alhaji, yanzu na tsame shi daga mai, ga shi yana tururi.” Kuma gaskiya ya faɗa, ba yaudararka yake yi ba, shi ma haka ya sani. Wuta tana kashe ƙwayar cutar, amma ba ta taɓa gubar da ta riga ta zuba. Histamin ba ya jin suya, ba ya jin dahuwa, ba ya jin banda, daskarewa ma ba ta yi masa komai. Kamar kunama ce da ta harbe ka, ka sa takalmi ka murƙushe ta. Ta mutu, amma dafin yana jikinka. Kifin zai iya fitowa jawur, yana ƙamshi, ba wari ba canjin kala, alhali aikin gama ya gama tun yana cikin kwali.

Ba a kifi abin ya tsaya ba. Akwai ƙwayar cutar da ke zaune a hancin mutum da fatarsa, musamman a bakin ƙurji ko yanka. Hannun da ya yanka balangu shi ne ya karɓi kuɗi ya share gumi. Idan naman ya yi awoyi a faranti, ƙwayar ta hayayyafa ta zuba gubarta, kuma ɗumamen da ake yi a kan waya kafin a miƙo maka ba ya warware ta. Shinkafar da ta kwana ma tana da tata: ƙwayar tana jure dahuwar farko, ta farfaɗo yayin da tukunya ke hucewa. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ne waɗannan halittu ke jin daɗi, kuma wasunsu kan ninka kansu duk minti 20. A wannan lissafi, ƙwaya ɗaya da ƙarfe 10 na safe ta haura miliyan 2 da ƙarfe 5 na yamma. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba cikin sanyi ba. Kuma a shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, daidai tsananin zafi.

To canjin ruwan fa? Ciki ba ya rikicewa don ruwa baƙo ne, sai don akwai ƙazanta a cikinsa. Ruwa mai tsabta, na Gumel ne ko na Makka, ba ya sa gudawa. Abin tambaya shi ne da wane ruwa aka dama furar, da wanne aka yi ƙanƙarar da ke cikin zoɓon, kuma kwano nawa aka ɗauraye a bokitin nan guda tun safe. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 3,000, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna gurɓataccen abinci na kashe mutum 420,000 duk shekara, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Haɗarin kiran abin canjin ruwa shi ne yana sa a zauna a jira ciki ya saba, yaro kuwa ruwan jikinsa na ƙarewa.

Ban ga laifin mai sana'a shi kaɗai ba. Wanda ya sayi kwalin kifi da ɗan jarinsa ba zai zubar ba don an ɗauke wuta, sai in akwai wanda ya fahimtar da shi, akwai kuma inda zai ajiye. Manyanmu suna ba da labarin duba-gari da ke leƙa har cikin randa. Yau a kasuwa mai karɓar haraji ba ya fashi, amma mai duba abinci sai an tona. Kasuwar da ke tara wa hukuma kuɗin shiga duk mako ta cancanci ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, da famfo kusa da rumfunan abinci. Rana dai ba mu rasa ta ba.

Kafin a yi wannan, mai karatu ya taimaki kansa. Ka sayi naman da aka gasa a gabanka, ka ci a wurin. In tsaraba kake so, kilishi da busasshen zoɓo sun fi jure hanya. Uwargida idan za ki sayi ɗanyen kifi, ki zaɓi wanda yake daskare tauri kamar dutse, ki bar wanda ya saki yana zubar da ruwa ko da an rage miki kuɗi. Yaron da ya fara gudawa a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko idanu suka faɗa, ko numfashi ya yi wuya bayan cin kifi, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.