Kamfanin haƙar ma'adinai ya ba mu 'yan tsaki kyauta, ga yadda ta kaya

Yau labarin kaina zan ba ku.

Ƙauyenmu yana kusa da inda wani kamfani ke fasa dutsen da ake yin siminti. Wata shekara suka tara matasa, aka yi mana bita ta kwana biyu, aka ba kowa 'yan tsakin buroila ɗari da buhun abinci biyu. Aka ɗauki hoto, aka watse. Wallahi ranar ji na yi na zama Alhaji.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne cikin kaza. Buroila ɗaya tana cin kilo 4 zuwa 5 kafin ta isa yanka, wato kaji ɗari suna neman buhu 16 zuwa 20 na kilo 25. Mu biyu aka ba mu. Da abinci ya ƙare na koma dusa da tsaki, girma ya tsaya. Rigakafin Gumboro kuma na yi sakaci da shi, a sati na huɗu na riƙa kwasar gawa da safe. Waɗanda suka rage, duk ƙauyen muka fito da su kasuwa lokaci ɗaya, dillalai suka saya yadda suka ga dama.

Ban ce kamfanin ya cuce mu ba. Mu ne ba mu san abin da za mu nema ba.

Daga baya na gane cewa wannan tallafi ba alfarma ba ce kawai. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar ci gaban al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma ana sake duba ta duk shekara biyar. Cikin abin da za ta iya ƙunsa har da koyar da sana'a, taimakon ƙananan sana'o'i da nema wa amfanin gona kasuwa. A Ghana ma, kamfanin Newmont ya kafa gidauniya a yankin Ahafo a 2008, yana zuba dala ɗaya a kan kowane oza na zinariya, da kashi 1 cikin 100 na ribarsa.

Da lokacin sabunta tamu yarjejeniyar ya zo, mun je wurin mai gari a ƙungiyance. Ba mu nemi tsaki ba. Mun nemi rijiyar burtsatse, domin mai kiwon tarwaɗa ruwa ne jarinsa, kuma a yankin haƙa sai an gwada ruwan kafin a zuba kifi. Wanda ya tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010 ya san dalili. Sannan muka nemi ɗakin girkin ma'aikatansu ya riƙa sayen ƙwai da kaji a hannunmu, a rubuce, da ranar biya.

Amma kar ka jingina da kwastoma ɗaya, ma'adini yana ƙarewa. A Arlit ta Nijar, mahaƙar yuraniyom ta Cominak ta rufe a 2021 bayan fiye da shekara 40 tana aiki. Shi ya sa rabin ƙwaina nake kai wa kamfani, rabin kuma masu shayi na bakin tasha ne ke ɗauka.