Juyen baƙin mai: kula da inji, kula da dabba



A ƙasar Damagaram, daga fadamun Korama da Gidimuni har rijiyoyin Tanut da Gure, inji ya zama abokin aikin mai dabba. A bazara, cikin Afirilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40, kuma saniya ɗaya kan sha lita 30 zuwa 40 a rana. In injin jan ruwanka ya tsaya a wannan lokaci, garke ne zai sha wuya. Sau da yawa kuwa ba tsufa ke kashe inji ba, rashin juyen baƙin mai ne.

Aikin baƙin mai shi ne ya hana ƙarfe cin ƙarfe, ya rage zafi, ya kwashe datti. Ƙurar hunturu in ta shiga cikinsa sai ya riƙa goge inji kamar yashi. Zafin bazara kuma ya tsinka shi, ƙarfinsa ya tafi.

Ƙaramin injin fetur irin Honda GX160 na cin mai kimanin lita 0,6. In sabo ne, a juye bayan awa 20 na aiki, daga nan kowace awa 100. Wato in kana aiki awa 4 kullum, juye ya kama ka duk kwana 25. Kada ka jira sai mai ya yi kauri kamar kwalta.

Lokaci uku a shekara da ba a sakaci da su:

1. Kaka, kafin aikin rani. Tada inji ya ɗan yi ɗumi, ka kashe, ka tsiyaye tsohon mai, ka zuba sabo daga galan mai hatimi. Duba buji. Cika famfon da ruwa kafin ka tada shi, don in ya juya a bushe yakan lalace.

2. Ƙarshen hunturu. Sake juye, ka wanke soson tace iska, ya bushe sarai kafin ka mayar. In kana da mota, duba ruwan lagireto da safe, inji na sanyi. Ruwan rijiya mai kanwa yana toshe shi.

3. Faɗuwar damina, in za ka ajiye inji. Tsiyaye fetur daga tanki da kafireto, don in ya daɗe yakan bar danƙo. Zubar da ruwan famfo, ka sa sabon mai, ka rufe inji a inuwa.

Kowace safiya kuma ka ajiye inji a daidai, ka duba ma'aunin mai. Fetur ɗin kwalba a tace shi da tsumma mai tsabta.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu malaman dabbobi. Wasu na shafa tsohon baƙin mai ga raƙumi mai ƙazuwa, ko sa mai kirci ko kaska. Don Allah a bari. Wannan mai akwai guba cikinsa: yana ƙona fata, dabba kuma ta lashe ya shiga cikinta. Ƙazuwa na da allurarta, ka nemi malamin dabbobi na kusa da kai.

Ruwan lagireto mai launi na kanti shi ma guba ne. Zaƙi gare shi, ɗan akuya ko kare ya lasa, ƙoda ta lalace.

Kada ka yi juye a bakin rijiya ko kusa da kwamin shayarwa. Tara tsohon mai cikin galan mai murfi, nesa da yara da dabbobi, kada kuma a sake zuba ruwa ko nono cikin wannan galan.

Kuɗin lita ɗaya ta mai bai kai kuɗin maraƙi ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya albarkaci garke, ya kai mu damina lafiya.