Ko Kun Sani? Dalilin da Ya Sa Jitar Lantarki Ba Ta Amo Irin na Goge

Jitar bes ta lantarki da kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1951 katako ce zalla, babu kogo a cikinta. Maganaɗisu ne ke ɗaukar karkarwar tsirkiyarta ta ƙarfe ya aika wa lasifika. Shi ya sa amonta ya bambanta da na kayan kiɗa masu kogo.

Gogen da aka sani a Sakkwato kuwa ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa izgar doki. Ƙwaryar ce ke ƙara masa amo. Maganaɗisu ba ya jan gashi, don haka makirufo ake kanga wa goge idan taro ya yi yawa.